Takalmin Hagu Yana Hannun Sarauniya

Mushairib, Doha

Daga Shehu Abdulbaqi ɗan Shehu Badaruddeen, shugaban masana tarihin sarakunan ƙasar Hausa a ƙasashen Larabawa, wanda manya ke jira a ƙofarsa har shayinsu ya huce, zuwa ga ɗanmu Malam Muttaka, malamin lissafi a Malumfashi.

Bayan sallama, ina tambayar lafiyarka da ta mahaifiyarka Hajiya Atine, da fatan ciwon gwiwarta ya yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai zafin da ke sa ƙarfe neman inuwa.

Ba ka san ni ba, amma jininmu ɗaya. Kakan kakana ƙanin kakan kakanka ne, ya tafi Hajji a ƙasa bai koma ba. Zumunci ne ya sa na ɗauki alƙalami.

An gaya mini matarka, Likita Haulat, mai aiki a asibitin yara a nan Doha, ta nema maka biza, kuma ita ce za ta zama kafil ɗinka. Ma'ana da lamuninta za ka shigo, da lamuninta za ka zauna, sunanka a ƙarƙashin nata. Da na ji haka sai na yi salati, don na san gidan da ta fito.

Danginta mutanen tsohon Birnin Maɗaci ne. Maroƙa suna cewa Sarki Tunau ne ya gina ganuwar birnin, ya haƙa rijiyoyinsa, ya kori mahara. Ba haka aka yi ba. Ga abin da na karɓa daga bakin mahaifina, shi ma daga bakin nasa.

Tunau baƙo ne, maharbi, ya zo daga arewa. Dokar birnin ita ce baƙo ba ya kwana cikin gari sai wani ya lamunce shi. Wadda ta lamunce shi ita ce Tsahara, 'yar sarkin da ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Fadawa sun ce ba za su durƙusa wa mace ba. Ta ce, "To, ga namiji." Ta aure shi, ta sa aka naɗa masa rawani. Ana cikin guɗa ta sunkuya ta zare takalminsa na hagu, ta jefa a tukunya, ta rufe.

Ka sani, a zamanin nan sarki ba ya taka ƙasa da tafin ƙafa, kuma ba ya sa wani takalmi sai na naɗi. Sai ya zauna. Aka kafa zana a bayan karagarsa, ita kuma ta shimfiɗa buzu a bayan zanar. Ta yi raɗa, shi ya faɗa. Yaƙi ita, shari'a ita, har ranar da za a fara shuka ita.

Ba zan ƙara ba tukuna. Tambaya ɗaya nake da ita, ɗana. Ranar aurenka, da takalmi nawa ka koma gida?

Wassalam.

*

Malumfashi

Allah ya gafarta Malam,

Na ga hoton takardarka a wayata, daga lambar da ban sani ba. Lafiya lau muke, Inna ma da sauƙi, ta ce a gaishe ka, ko da yake ta ce ita ba ta taɓa jin an yi wani kaka da ya tafi Hajji a ƙasa ba. Na ce mata tsofaffi ma suna mantuwa. Wanda ke rubuta ajami irin wannan, kowane harafi a tsaye kamar an auna shi, ba zai ɓata tawadarsa a kan wasa ba.

Malam, ni mutumin lissafi ne, tatsuniya ba ta cika kama ni ba. Amma tambayarka ta sa na ajiye abincin da nake ci.

Da takalmi ɗaya na koma.

Ranar buɗar kai, ina zaune kusa da Haulat, sai babbar gwaggonta, Gwaggo Ajaratu, ta sunkuya ta zare mini na hagu. Mata suka rangaɗa guɗa. Ta naɗe shi a gefen mayafin amarya ta danƙa mata. Silifas na aro na fita da shi. Da na tambaya aka ce al'adar gidansu ce, kowace 'yarsu haka ake yi mata, tun kaka da kakanni. Na yi dariya a lokacin. Ban sake tuna shi ba sai yau.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da maganar tafiyar nan ta fito ba ni da sukuni. A ɗakin malamai ba sa kirana Malam Muttaka kuma, sai "mijin Likita". Wani ya ce za a ɗauke ni a goye zuwa Qatar. Ina yin dariya tare da su, amma abin yana cina. Haulat mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. To amma ita Tsahara, ai ka ce raɗa take yi.

Don Allah, Malam, yaya ƙarshen Sarki Tunau?

Ɗanka, Muttaka

*

Mushairib, Doha

Daga Shehu Abdulbaqi zuwa ga ɗanmu Muttaka. Gaisuwa da fatan alheri. Mu lafiya, sai taron baƙi daga Masar da Sham da suka hana mu hutawa.

Na so in rufa maka wannan, don an shaida mini tun kana yaro ko tsaka ka gani a bango sai ka bar ɗakin. Amma tun da ka nema, ga shi.

Shekaru suka tafi, muryar Tunau ta riƙa ƙanƙancewa. Da farko sai ya jira raɗa sannan ya yi magana. Daga baya kafin ta yi raɗar bakinsa ya riga ya motsa. Ƙafarsa ta hagu, wadda ba takalmi, ta fara sanyi, har ana ɗora mata garwashi ba ya ji.

Wata rana da tsakar rana, fada ta watse, ya tashi da takalmi ɗaya yana ɗingishi har ƙofar gari. Masu tsaro suka gicciya masunsu a gabansa. Suka ce, "Ranka ya daɗe, wa ya lamunce maka fita?" Ya buɗe baki zai ce shi ne sarki. Sai muryar Tsahara ta fito daga maƙogwaronsa, a hankali, ba faɗa, ta ce, "Ku mayar da shi."

Suka mayar da shi.

Da ya mutu ba ta gaya wa kowa ba. Ta cusa wa rigarsa harawa, ta ɗora rawanin a kai, ta sakar masa amawali, ta jingina a karaga. Fadawa suka ci gaba da faɗuwa suna gaisuwa, murya na fitowa daga bayan zana. A waɗannan shekarun aka gina ganuwar da ake yi masa kirari da ita. Ba wanda ya lura sarki ba ya nan, don dama tun yana da rai ba ya nan.

Daga ita 'ya'yan gidan suka gaji zare takalmi. Alamomin da ake fara gani a jikin mijin su ne sanyin ƙafar hagu, da jin maganar matar a bakinsa, da yawan cewa "bari in tambaye ta".

Ban ce ka yi komai ba. Ni dai da ni ne, da na nemi takalmina.

Wassalam.

*

Malumfashi

Ɗantala,

Yaya aiki, yaya zafin Umm Salal? Kawu lafiya lau, jiya na gan shi a kasuwa, ya ce har yanzu tankar ruwan kake ja. Inna na gaishe ka.

Ka ajiye wasan taubasantaka gefe, yau ba shi ya kawo ni ba. Duk Doha ba ni da ɗan'uwa sai kai, ɗan kawuna, kuma ina cikin tashin hankali.

Akwai wani babban malami a Mushairib, Shehu Abdulbaqi, danginmu ne na nesa. Ya buɗe mini asalin gidan su Haulat. Na tura maka hotunan takardunsa, ka karanta, ai ajami naku ne mutanen allo.

Bayan na karanta ta biyu na kira Haulat. Na yi kamar hira nake, na ce, "Wai ina takalmin nan nawa na ranar biki?" Ɗantala, dariya ta yi. Ta ce, "Yana nan tare da ni a Al Aziziya, cikin kabad, a naɗe cikin mayafina. Ka ɗauka zan tsallaka teku in bar shi?" Mace ta bar tukwanenta, ta bar gadonta, ta ɗauki takalmi wari ɗaya ta hau jirgi da shi. Ka gaya mini me ake nufi da wannan.

Ba shi ke nan ba. Shekaranjiya a aji yara suna surutu, sai na ji na ce, "Yalla, khalas!", wato "maza, ya isa haka" da Larabci. Wallahi da irin muryarta, har da yadda take jan ƙarshen. Yaran suka juyo suna kallona. Ni ban taɓa zuwa ƙasar Larabawa ba. Kuma in na daɗe zaune ina duba jarrabawa, in na tashi, ƙafar hagu sai in ji kamar ba tawa ba. Da shugaban makaranta ya tambaye ni ranar da zan ajiye aiki, ka san abin da na ce? "Bari in tambayi Likita." Ina rufe baki na tuna takardar Shehu.

Ka taimake ni. Ka je Mushairib ka ga Shehun nan da idonka, ka gaya mini ko mutumin kirki ne.

Muttaka

*

Umm Salal

Bawana Muttaka,

Ubangidanka na amsa gaisuwa. Lafiya lau nake, na ƙara ƙiba, na ƙara kyau, Larabawa har tsayawa suke suna kallona a danja.

Na je. Kai, ka ga mutum! Gemu har cibiya, carbi kamar igiyar rijiya, motoci a ƙofarsa sun tare hanya. Da na ambaci sunanka sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, yaron nan mai ƙafa ɗaya." Na ce Malam ai biyu gare shi. Ya ce, "Zuwa yanzu."

Amma kada ka damu. In an cusa wa rigarka harawa, ni zan riƙa zuwa ina kaɗe maka ƙura, in gyara maka hula. Dama ko da ranka ba wata magana mai daɗi kake yi ba.

An tura mu kai ruwa wasu gonaki can cikin sahara, waya ba ta kamawa sosai. In ka ji ni shiru, shi ne. Ka riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi.

Ubangidanka har abada, Ɗantala

*

Malumfashi

Allah ya gafarta Malam,

Ina fatan kana lafiya. Ni ba zan ce lafiya ba. Na rubuto maka sau da yawa ba amsa, ɗan'uwana Ɗantala ma wayarsa a rufe. Da shirun ya yi yawa sai na koma kan takardarka ta ƙarshe, na karanta har na haddace. Ka ce da kai ne da ka nemi takalminka. Na gane babba ba ya faɗar abu kai tsaye. Na bi umarninka.

Na kira Haulat na ce ta aiko mini da shi. Ta ɗauka wasa nake. Na maimaita. Ta ce, "Muttaka, ka san abin da kake faɗa kuwa?" Na ce na sani. Sai ta kashe wayar.

Washegari Gwaggo Ajaratu ta zo gidanmu ko zama ba ta yi ba. Ta ce a gidansu takalmin nan ba ya komawa hannun miji sai aure ya mutu, ko kuma a sa shi gefen makararsa. Ta ce, "Wanne kake nufi a ciki?" Inna tana kuka tana riƙe rigata. Malam, na so in ce na janye. Amma sai na tuna mutumin nan a ƙofar gari, ya buɗe baki muryar wata ta fito. Na ce a kawo mini abina.

An sa zama ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci, a gidan waliyyin Haulat. Ta ce za ta ba wani mai tahowa Kano takalmin. In ya iso, zan furta abin da ake furtawa. Bizar kuwa ta ƙare a inda take, ba zan taka jirgin ba.

Allah ya sani ina son matar nan. Ita ta zauna da Inna a asibiti lokacin da aka yi mata aiki, ita ke tuna mini ranar shan maganinta daga can. Tun da na yi maganar nan abinci ba ya wuce mini. Amma ina tsoro, Malam. Ina tsoron in wayi gari ana gaishe da rigata.

Ka sa ni a addu'a. In akwai wani abu da ban gane ba, ka faɗa mini kafin Juma'a.

Ɗanka, Muttaka

*

Doha, ranar Alhamis

Daga Shehu Abdulbaqi zuwa ga ɗanmu Muttaka. Bayan gaisuwa, mun sake bincike, mun gano cewa a wata ruwayar Sarki Tunau ya ji daɗin zamansa ƙwarai, har ya yi ƙiba, kuma ita Tsahara

A'a. Ba zan iya ba. Dubi yadda tawada ta ɗiga.

Muttaka, kada ka je zaman gobe. Don girman Allah kada ka buɗe bakinka a gaban waliyyin nan. Ka karanta wannan har ƙarshe, sannan ka tsine mini in kana so.

Jiya muka dawo daga gonakin. Wayata na kamawa sai ga kiran Likita. Ta ce in same ta a ƙofar asibiti da azahar. Na je ina shirya zolayar da zan yi mata. Ta fito cikin farar rigar aiki, ta rame, idanunta sun kumbura. Ta miƙo mini leda ta ce, "Ɗantala, wani ɗan garinmu, Uwais, zai tashi zuwa Kano yau da yamma. Ka kai masa wannan ya kai wa ɗan'uwanka."

Na leƙa. Takalminka ne, baƙi, sai ƙyalli yake. Shekara nawa da bikin nan, amma kamar yau aka saye shi. Ta ce duk ranar hutunta sai ta goge shi.

Na ce, "Likita, wai mene ne asalin abin nan a gidanku?" Ta ce kakarta ta gaya mata mazan gidansu fatake ne, sai su yi wata da watanni a hanya. Shi ya sa matar ke riƙe wari ɗaya, don duk inda mijin ya kai, ƙafarsa ta tuna ɗayan yana gida. Ta ce, "Ni da na ga ni ce na yi tafiyar, sai na taho da shi, ko ya biyo shi." Ta ce ta riga ta sayi abin sallarka, ta ware maka gefen taga don ka ce kana son haske in kana karatu. Sai ta ce, "Me na yi masa? Kai ɗan'uwansa ne. In akwai wata, ka faɗa mini, zan iya ɗauka."

Na tsaya riƙe da leda a rana. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da birkin tanka ya ƙi kamawa.

Babu wata Sarauniya Tsahara. Babu Birnin Maɗaci. Tsahara mai ƙosai ce a bakin makarantar allon da na yi, Tunau mijinta ne da ke zaune a benci yana miƙa mata itace. Zanar da harawar da muryar ƙofar gari, duk a bayan sitiyari na ƙulla su, tsakanin Umm Salal da inda nake juye ruwa, ina tuƙi ina dariya ni kaɗai. Takalmin kuwa ai ina wurin aka zare shi, ni na ara maka silifas ɗin.

Ƙafarka tana sanyi ne don kana naɗe ta ka zauna a kanta in kana duba jarrabawa, tun muna yara haka kake. "Yalla, khalas" kuwa, mutumin da ke waya da matarsa safe da yamma dole ya kwashi maganarta. Ni ma nan na kwashi ta Jamaldeen, abokin ɗakina ɗan Ghana, wanda da wayarsa na riƙa turo maka takardun. Sai da na dawo ya nuna mini saƙonninka, ya ce, "Wannan mutumin naka kuka yake yi fa."

Na ji ana ce maka mijin Likita, na san abin na cinka, na ce bari in ɗan taɓa wurin. Na ɗauka za ka gane tun daga maganar tsaka. Da ka aiko ni in duba Shehu, nan ya kamata in tsaya, sai daɗin wasan ya ja ni. Na yi nufin ranar da ka sauka a filin jirgi in tare ka da rawani da gemun auduga, mu yi dariya har mu faɗi. Ban san a gidansu mayar da takalmi saki ba ne. Wallahi ban sani ba.

Kuma zama a ƙarƙashin sunan mace a takarda ba ya cinye muryar kowa. Ni kafil ɗina kamfani ne, ko fuskata bai sani ba. Kai naka mutum ce mai goge maka takalmi.

Na san yanzu za ka ce wannan ma ƙarya ce, ko an tilasta wa Shehu. Shi ya sa Jamaldeen zai ɗauki hotona riƙe da wannan takarda a hannun dama, alƙalamin a kunne, takalminka a hannun hagu. Ka dubi rubutun, ka dubi fuskar. Kai ba ka taɓa tsayawa ka kalli allona ba, shi ya sa ba ka san hannuna ba.

Ban kai wa Uwais ba. Jirginsa ya tashi ba takalmi. Daga nan Al Aziziya zan wuce in durƙusa a ƙofar Likita in faɗa mata komai, ta yi mini duk abin da ta ga dama. Na kira Innarka, Gwaggo Atine, ba ta ɗauka ba, zan ci gaba da kira. Kai kuma ka kira matarka yanzu, kafin ka gama jin haushina. Haushin zai jira, ita ba lallai ta jira ba.

Takalmin yana wurina, kuma ba zan ba kowa ya kawo maka ba. In kana son sa, ka hau jirgi ka zo da ƙafarka ka karɓa. Ka fara da bayana, ka dake ni da shi har hannunka ya gaji, ba zan kauce ba. Sannan ka mayar mata da abinta.

Babu Shehu Abdulbaqi, babu gemu, babu motoci a ƙofa. Tun daga takardar farko har wannan, ni ne na rubuta.

Ɗantala, direban tankar ruwa, ɗan kawunka. Yau kam ni ne bawan.